Boondocking: yada zango kyauta a dajin Amurka

Duk mai bibiyar bidiyon Amurkawan da suka mayar da mota gida ba zai rasa jin kalmar boondocking ba. Ma'anarta ita ce mutum ya tuƙa motarsa mai ɗaki zuwa wani fili ya yada zango, ba wutar lantarki da zai jona, ba famfo, ba magudanar bayan gida, kuma galibi ko sisi ba zai biya ba. Irin waɗannan motoci, da suke kira RV, akwai gado da madafa da banɗaki a cikinsu. A sansanin kuɗi ana jona musu wuta da ruwa, a biya kowane dare. Mai boondocking kuwa da guzurinsa ya dogara: tankin ruwa, batir, sola a saman mota, wani lokaci ƙaramin janareta.

Kalmar daga ƙasar Filifin ta samo asali. A harshen Tagalog, bundok shi ne tsauni. Sojojin Amurka da suka yi yaƙi a can tun daga 1899 suka koma gida da ita, ta rikiɗe ta zama boondocks, wato ƙungurmin daji inda ba gida gaba ba gida baya.

Abin da ya sa hakan ke yiwuwa a Amurka shi ne yawan filin gwamnatin tarayya. Hukumar kula da filaye da ake kira BLM ita kaɗai tana riƙe da eka kusan miliyan 245, mafi yawa a jihohin yamma irin su Nebada, Yuta da Arizona. Hukumar gandun daji ma tana barin mutane su sauka a sassa da dama na dazuzzukanta. Manyan wuraren shaƙatawa na ƙasa irin Yellowstone ba haka suke ba, can sai a sansanin da aka ware.

Sai dai kyautar tana da sharaɗi, kuma nan ne sababbin shiga suke tuntuɓe. A yawancin filayen BLM, kwana 14 ne iyaka a cikin kwana 28. In sun cika sai a tashi, a wurare da yawa ma sai an yi nisan mil 25, kimanin kilomita 40, kafin a sake sauka. Dalili a fili yake: kada filin kowa da kowa ya zama gidan mutum ɗaya, kuma ƙasa ta samu ta huta. Ana so a sauka inda wasu suka taɓa sauka maimakon a murƙushe sabuwar ciyawa, a nisanci rafi da kimanin mita 60, a kwashe shara a tafi da ita. Lokacin rani ana iya hana hura wuta baki ɗaya saboda gobarar daji. Tankin bayan gida kuma haramun ne a juye shi a ƙasa, akwai wuraren da aka tanada don haka. A ganina wannan ce dokar da ta fi cancantar tsanani, domin ƙazanta da shara na cikin abubuwan da ke sa hukuma ta rufe fili, laifin mutum ɗaya ya shafi dubu.

Mai son dogon zama yana da mafita. A kusa da garin Quartzsite na Arizona akwai filayen da BLM ta keɓe, inda ake sayen takardar izini a zauna daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu. Masu gudun sanyin arewa suna cika hamadar nan a watan Janairu.

A cikin gari labarin daban ne. Wasu shagunan Walmart suna barin matafiyi ya kwana ɗaya a filin ajiye motoci, amma sai manajan shagon ya yarda, kuma sai dokar garin ba ta hana ba. Garuruwa da yawa sun hana kwana a mota. A watan Yunin 2024 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar garin Grants Pass na jihar Oregon, ta ce gari yana da ikon hukunta masu kwana a filin jama'a ko da ba su da wurin zuwa.

Wannan ne ya sa ba na ɗaukar boondocking a matsayin yawon buɗe ido kawai. Cikin masu yin sa akwai 'yan fansho masu motocin alfarma, akwai kuma waɗanda kuɗin haya ya kora daga gida, tsohuwar mota ce kaɗai rufin da ya rage musu. Ga na farko, kwana 14 hutu ne. Na biyun kuwa duk mako biyu sai ya nemi kuɗin mai, ya nemi inda zai cika tankin ruwa, ya nemi wani filin da ba za a ƙwanƙwasa masa ƙofa da tsakar dare ba.