Wane ne masanin halittun teku, kuma me ya haɗa shi da mutumin Kaduna?

Masanin halittun teku shi ne mai nazarin duk wani abu mai rai da ke cikin ruwan gishiri: kifi, jatan lande, kunkurun teku, har da ƙananan tsirran da ido ba ya gani sai da madubin likita. Idan aka ce yana aikin kiyaye teku, ana nufin iliminsa bai tsaya a takarda ba, yana amfani da shi ne don kada waɗannan halittu su ƙare. Tun da gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman kan harkokin teku a 2023, ya kamata mu san wannan sana'a da kyau.

Da yawa suna zaton aikin duka nutso ne da ɗaukar hoton kifaye masu launi. Akwai masu yin hakan, amma ƙashin bayan aikin ƙidaya ne da awo. Da sassafe masanin yake zuwa gaɓa lokacin da masunta ke dawowa, ya auna tsawon kifi da nauyinsa, ya tsaga ciki ya ga ko akwai ƙwai. A cikin kan kifi akwai wani ɗan ƙashi na kunne wanda layi ke ƙaruwa a jikinsa duk shekara, da shi ake sanin shekarun kifin. In aka ga shekara da shekaru abin da taru ke fitarwa ƙanana ne da ba su kai munzalin haihuwa ba, to masunta sun zama manomin da ya daka irinsa ya yi tuwo. Daga nan masanin zai ba hukuma shawara: a faɗaɗa idon raga, a dakatar da kamun kifi a lokacin zuba ƙwai, ko a keɓe wani yanki a bar shi ya huta. Kanada ta ga abin da jinkiri ke jawowa. A 1992 ta rufe kamun wani kifi da ake kira kod a gabashin ƙasar bayan ya kusa ƙarewa, dubban mutane suka rasa abin yi.

Mai karatu zai ce, ina ruwan ɗan Tudun Wada ko Rigasa da teku? Ruwansa ne ƙwarai. Kogin Kaduna yana faɗawa kogin Neja, shi kuma ya ratsa yankin Neja Delta ya shiga tekun Atilantika. Ledar da aka jefa a kwata, in ruwan sama ya kwashe ta zuwa kogi, ta kama hanyar can ke nan, kuma kunkurun teku kan haɗiye leda da zaton abinci ce, ta toshe masa ciki. Iskar da ke kawo mana damina ma daga wannan tekun take ɗebo danshi. Kifin ƙanƙara, irin su titus da uwargida ke saya a Kasuwar Barci, can aka kamo shi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, kusan rabin iskar oksijin da ake samarwa a duniya daga waɗancan ƙananan tsirran teku take fitowa.

Nijeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kusan kilomita 850, kuma tana fama da rauni. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni da ke yankin Neja Delta ya ce gyaran ɓarnar da malalar mai ta yi zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Cikin abin da ya lalace har da dazukan bakin ruwa inda ƙananan kifaye ke girma.

Yana damuna yadda wasu iyaye ke ɗaukar yaron da ya samu gurbin karatun ilimin halittu tamkar ya faɗi, don bai samu likitanci ba. Iyaye, don Allah a sake tunani. Yaro ko yarinyar da ta riƙe bayoloji da kemistiri da lissafi tana iya fara digiri a ilimin dabbobi a nan Arewa, sannan ta ƙware a Jami'ar Legas ko ta Kalaba, inda ake koyar da ilimin teku. Cibiyar binciken teku ta ƙasa tana Legas tun 1975, ta ruwan koguna da tafkuna kuma tana New Bussa a jihar Neja. Guraben aikin ba su da yawa, kuma galibi sai an haɗa da digiri na biyu, don haka mai sha'awa ya fara koyon ƙididdiga da kwamfuta tun yana aji ɗaya a jami'a.