Zaman Jiran Sabuwar Na'urar Wasan Bidiyo

Zaman jiran sabuwar na'urar wasan bidiyo shi ne lokacin da ke tsakanin ranar da aka fara jin ƙishin-ƙishin cewa wani kamfani na ƙera na'ura da ranar da ta shiga kasuwa. Yakan ɗauki watanni, wani lokaci har shekaru. A cikinsa ake bayyana suna da farashi da wasannin da za su fito tare da na'urar, a kuma buɗe karɓar oda. Sau da yawa a wannan tsakanin ake yanke wa na'ura hukunci, tun kafin kowa ya riƙe ta a hannu.

Tarihi

Na'urorin farko, irin su Magnavox Odyssey ta 1972 da Atari 2600 ta 1977, sun fito ba tare da wata hayaniya ba. Ɗokin da aka sani yau ya fara bayyana ne a Japan wajen ƙarshen shekarun 1980. Ranar 21 ga Nuwamba 1990 Nintendo ya fitar da Super Famicom, kuma kashin farko na kimanin 300,000 ya ƙare cikin 'yan sa'o'i. An ruwaito cewa da dare aka riƙa jigilar kayan don gudun 'yan fashi, kuma cunkoson ya sa hukumomi suka roƙi kamfanoni su riƙa fitar da irin waɗannan kaya a ƙarshen mako.

Baje kolin wasannin bidiyo na E3, wanda aka fara a Los Angeles a watan Mayun 1995, shi ya mayar da zaman jiran fagen daga. A taron farko ne Sega ya yi wa kowa ba-zata. An sa ran sabuwar na'urarsa, Saturn, za ta fito a Amurka cikin Satumba, sai shugaban reshen kamfanin a can, Tom Kalinske, ya sanar cewa ta riga ta isa wasu shaguna a kan dala 399. Shagunan da aka tsallake suka fusata, masu haɗa wasanni kuma ba su shirya ba. Da Steve Race na Sony ya hau mumbari, bai faɗi komai ba sai "299", farashin PlayStation ke nan, ya sauka. Saturn ba ta sake farfaɗowa a kasuwar Amurka ba.

Dreamcast, na'urar Sega da ta gaji Saturn, ta fito a Amurka ranar 9 ga Satumba 1999 da ciniki mai kyau, amma mutane da dama suka riƙe kuɗinsu suna jiran PlayStation 2, wadda aka ce za ta kunna faifan DVD. A farkon 2001 Sega ya sanar da daina ƙera na'urori gaba ɗaya.

Sony ma bai tsira ba. A E3 ta 2006 ya bayyana dala 599 a matsayin farashin babbar PlayStation 3, abin da ya zama abin zolaya a intanet, alhali Wii ta Nintendo ta zo a kan kusan dala 250. A 2013 reshe ya juye da mujiya. Microsoft ya ce Xbox One za ta buƙaci shiga intanet sau ɗaya a kowace sa'o'i 24, tare da taƙaita sayar da faifan da aka yi amfani da shi. Suka ta yi yawa har kamfanin ya janye dokokin a watan Yuni, watanni biyar kafin fitowar na'urar. Sai dai PlayStation 4 ta Sony, wadda ta fi ta arha da dala 100, ta riga ta yi gaba.

An rufe E3 baki ɗaya a Disambar 2023. Yanzu kowane kamfani na yin sanarwarsa ta bidiyo kai tsaye.

Sunayen ɓoye da kwarmato

Kafin a raɗa wa na'ura suna, akan kira ta da laƙabin aiki. A cikin na'urorin Nintendo, GameCube ita ce Dolphin, Wii ita ce Revolution, Switch kuma NX. Da waɗannan sunaye masu sha'awa ke tafka muhawara. Bayanai kan ɓulla daga masana'antun da ke haɗa kayan, da takardun rajistar fasaha, da kamfanonin da aka bai wa samfurin gwaji don su haɗa wasanni. Wasu kan tabbata, da yawa kuma shaci-faɗi ne. Tambayar da ta fi yawa bayan ta farashi ita ce ko sabuwar za ta karɓi tsofaffin wasanni.

Ƙarancin kaya

Da wuya kashin farko ya wadatar. A 2000 Sony ya rage abin da ya yi alkawarin kai wa Amurka na PlayStation 2 daga miliyan ɗaya zuwa 500,000. A Nuwambar 2006 mutane sun kwana a bakin shaguna cikin sanyi, da kujerun naɗewa da barguna, kuma a jihar Connecticut 'yan fashi sun harbi wani mutum a layin sayen PlayStation 3.

Layin ya koma intanet a 2020. Odar PlayStation 5 ta buɗe cikin ruɗani a watan Satumba, masu saye don su sayar da tsada suka saki manhajojin da ke kwashe kaya cikin daƙiƙoƙi. Annobar korona da ƙarancin ƙananan kayan lantarki suka ja matsalar har zuwa farkon 2023. Don kauce wa haka, shagon Nintendo na Japan ya raba Switch 2 ta hanyar ƙuri'a, da sharaɗin mai nema ya yi wasa na aƙalla sa'o'i 50 a tsohuwar Switch. Mutum kusan miliyan 2.2 suka shiga zagayen farko. A Amurka an ɗage karɓar oda daga 9 zuwa 24 ga Afrilu 2025 saboda sabon harajin shigo da kaya. Na'urar ta fito ranar 5 ga Yuni, aka sayar da fiye da miliyan 3.5 cikin kwana huɗu.

Wasu na zargin kamfanoni da ƙirƙirar ƙarancin da gangan don ƙara ɗoki. Kamfanonin sun sha musantawa.

Tasiri ga tsohuwar na'ura

Cinikin tsohuwar na'ura kan ja baya da zarar an sanar da magajiyarta, shi ya sa kamfanoni kan jinkirta sanarwar har bayan cinikin ƙarshen shekara.