Lambar da ke kan na'urar gwajin ruwa ba ta faɗin abin da ke cikinsa

An daɗe ana ganin mai tallan matatar ruwa ya tsoma wata 'yar na'ura mai kamar biro cikin kofin ruwan rijiya, lamba ta fito, ya ce ga shaidar guba. In lambar ƙarama ce kuwa, sai a sha hankali kwance.

Ba haka abin yake ba. Ƙarafa biyu ne a bakin na'urar, suna auna yadda ruwan ke wuce da lantarki, wato jimillar gishirin da ya narke ciki. Ba ta bambance gishirin miya da dalma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma a maikirogiram 10 cikin lita (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), adadin da bai isa ya motsa lambar ba. Ƙwayar kwalara ma na'urar ba ta ganinta, kuma wannan ya fi damuna.

Wata hanyar gane sinadari ita ce amfani da wata na'ura dabam mai jerin ƙarafa daban-daban, irin su zinari da filatinam. Ana sauya musu ƙarfin lantarki, kowanne ya amsa yadda ya dace da shi, kwamfuta ta gwada tsarin amsoshin da na samfuran da aka riga aka koya mata. Abin da ba a koya mata ba, tana iya ba shi sunan wani.