Ogobara Doumbo: Tambayoyi kan likitan Mali da aikinsa ya iso gidajen Bauchi

Wane ne Ogobara Doumbo?

Farfesa ne ɗan ƙasar Mali, ɗan ƙabilar Dogon, masanin ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro. An haife shi a 1956 a gidan masu maganin gargajiya, ya rasu a Marsai ta Faransa a watan Yunin 2018. Ya yi karatun likita a Bamako, ya yi aiki a ƙauyen Selinge, sannan ya tafi Faransa ƙaro ilimi. A 1992 shi da Yeya Touré, masanin sauro, suka kafa cibiyar bincike da horarwa kan maleriya a Bamako.

Me irin wannan masani yake yi, ba dai duba marasa lafiya ba?

Ƙwayar yake bi. Macen sauro ta zuba ta a jikin mutum, ta wuce hanta ta hayayyafa, ta fito ta afka wa jajayen ƙwayoyin jini tana fasa su, shi ne zazzaɓi da rawar ɗari da ƙarancin jini. Masanin zai soki yatsan yaro, ya shafa ɗigon jinin a gilashi, ya rina, ya sa a madubin likita ya ƙirga. Wata bayan wata, ƙauye bayan ƙauye. Aiki ne mai cin rai, amma daga wannan ƙirgen ake sanin lokacin da cutar ke tashi da kuma maganin da ya daina ci.

To me ya haɗa shi da Bauchi?

Maganin nan da ake bi gida-gida ana bai wa yara da damina. Duk uwar da ke Misau ko Ningi ko Azare ta san shi: masu rabo su yi sallama, su narka ƙwayoyi biyu a cokali su ba yaron a gabansu, su bar wa uwa na kwana biyu, su yi alama da alli a bango. Ana ba 'yan wata 3 zuwa wata 59, sau ɗaya a wata. Dalilin shi ne a yankinmu na Sahel yawancin zazzaɓin shekara a 'yan watannin ruwa yake taruwa, don haka idan magani na cikin jinin yaro a lokacin, an tare mafi yawansa.

Ba Doumbo kaɗai ya yi ba, kada a ɗora masa rawanin wasu. An gwada dabarar a Senegal da Gambiya da Burkina Faso. Amma gwajin da Alassane Dicko na cibiyarsa ya jagoranta a Mali yana cikin hujjojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta dogara da su ta amince da tsarin a 2012, bayan an ga yana rage kamuwa da kusan kashi 75 cikin 100.

Kulorokwin fa, ina ya shiga?

Ƙwayar cutar ta saba da shi. A 2001 Abdoulaye Djimdé, wani ɗalibin Doumbo, da abokan aikinsa suka nuna cewa wani sauyi a halittar ƙwayar shi ke nuna maganin ba zai yi aiki ba, har ana iya gano shi daga busasshen ɗigon jini a takarda. Najeriya ta bar kulorokwin a matsayin maganin farko a 2005.

Yaya mutanen ƙauye suka yarda ana ɗibar jinin 'ya'yansu?

Nan ne, a ganina, ya fi takwarorinsa. Mu da muka ga yadda rigakafin shan inna ya tsaya a Arewa a 2003 saboda rashin yarda, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Doumbo ba ya fara aiki sai an zauna da dagaci da dattawa da masu gidaje da mata, sannan a nemi yardar kowace uwa ita kaɗai. A garin Bandiyagara na Mali bai raina masu maganin gargajiya ba, tare suka yi aiki, har suna turo masa yaran da zazzaɓi ya sa suke suma.

Wane ne ya ci gaba da aikin bayan rasuwarsa?

Ɗalibansa. Ya riƙa tura matasa karatu Amurka da Turai, ya tanadar musu ɗakin bincike da aikin da za su tarar idan sun dawo, kuma da yawa sun dawo. Ɗaya daga cikinsu, Kassoum Kayentao, ya nuna cewa mai juna biyu ta sha Fansidar sau uku ko fiye ya fi sau biyu, wanda shi ne ake ba mata a wajen awo yanzu.