Ma'anar "nones": masu amsa "babu" idan an tambaye su addini

Duk mai bin labaran Amurka zai ci karo da kalmar "nones". Wasu masu fassara sukan mayar da ita "marasa addini", wasu ma su ce "waɗanda ba su yarda da Allah ba". Fassara ta biyun kuskure ce, ta farkon ma da sauran gyara.

Kalmar daga takardar bincike ta fito. Ƙidayar jama'a ta gwamnatin Amurka ba ta tambayar mutum addininsa, don haka cibiyoyi masu zaman kansu irin su Pew ne ke yin aikin. Sukan jera amsoshi: Furotesta, Katolika, Bayahude, Musulmi, har a kai ƙasa inda aka rubuta "babu ko ɗaya". Waɗanda suka zaɓi wannan, tare da masu musun samuwar Ubangiji da masu cewa ba a iya sani, su ake tarawa wuri guda a kira "nones". Abin dariya, a bakin Ba'amurke furucinta ɗaya da kalmar da ake kiran sistocin Katolika da ita.

A 2007 Pew ta samu kashi 16 cikin 100 na manyan Amurkawa a wannan rukuni. Binciken 2023 zuwa 2024 ya kai shi kashi 29, Kiristoci kuma suka sauko daga 78 zuwa 62. To amma a cikin 29 ɗin nan, masu musun samuwar Allah kai tsaye 5 ne kacal. Mafi yawa cewa suke yi "ba wani addini takamaimai", kuma akasarinsu sun yarda akwai Ubangiji ko wani iko da ya fi ƙarfin ɗan Adam. Ɗauki matar da rabonta da coci tun ranar jana'izar kakarta, amma tana kafa bishiyar Kirsimeti a falo, in ɗanta ya kwanta asibiti kuma ta sunkuyar da kai ta yi addu'a. In aka miƙa mata takarda, "babu" za ta zaɓa. Coci ta bari, ba lalle ne ta bar imani ba.

Jihar Oregon ce misalin da aka fi kawowa. Ita da maƙwabciyarta Washington masana sun daɗe suna yi musu laƙabi da yankin 'yan "babu". A binciken 2014, kashi 31 na mutanen Oregon ne suka faɗa wannan rukuni, alhali a jihar Alabama da ke kudancin ƙasar 12 ne kawai. Ba yau aka fara ba: tun zamanin da Turawa baƙi suka kwararo yankin a ƙarni na 19, coci ba ta taɓa kama ƙasa a can kamar yadda ta kama a kudu ba. Wanda ya yi ƙaura ya bar dangi da unguwa, sau da yawa har limaminsa yakan baro.

Daga baya wasu dalilai suka ƙaru. Matasa da dama sun ga an ɗaure coci da siyasar 'yan ra'ayin riƙau, sai suka ja baya. Ga kuma abin kunyar cin zarafin yara: a 2004 hukumar cocin Katolika ta Portland, babban birni a Oregon, ta zama ta farko a Amurka da ta je kotu ta ayyana karayar arziki saboda ƙararrakin waɗanda aka zalunta.

Ni dai in zan fassara, "waɗanda ba su jingina da wani addini ba" zan rubuta, duk da tsayinsa.