Me ake nufi da "saitoloji" a takardar ruwan ƙirji?

Wata gwaggona ta dawo daga asibitin koyarwa na Shika, an zuƙe mata ruwa a ƙirji, an ce a jira sakamakon saitoloji. Sai ta dube ni ta ce, "Ɗana, shi ruwa me zai faɗa?"

Saitoloji shi ne duba ƙwayoyin halittar jiki ɗai-ɗai a ƙarƙashin madubin likita. Tsakanin huhu da bangon ƙirji dama akwai ɗan ruwa, bai fi cokali ɗaya ko biyu ba. In cuta ta shiga, sai ya taru har ya wuce lita guda, numfashi ya gagara. Likita kan soka allura tsakanin haƙarƙari ya ɗebo, a juya shi a inji har ƙwayoyin su kwanta ƙasa, a shafa a gilashi, a rina.

Kansar da ake samu cikin wannan ruwa yawanci baƙuwa ce, daga wani wuri ta taso: huhu, mama, ƙwan mace, ko tumbi. Amma kamar Basakkwace a kasuwar Sabon Gari, da ta buɗe baki za a san garinsu. Ƙwayoyin kansar mama kan dunƙule kamar curin fura. Na tumbi kuwa majina ke cika su ta ture ƙwayar tsakiya gefe, su fito kamar zobe mai kai.

Ido kaɗai ba ya yanke hukunci, don kamanni na yaudara. Shi ya sa ake daskarar da ragowar cikin kakin zuma na asibiti, a yanka siriri, a ɗiga rini na musamman. In rinin da ake kira TTF-1 ya kama, hankali ya koma huhu; in GATA3 ne, mama; in PAX8 ne, ƙwan mace ko ƙoda. Calretinin kuma yakan nuna 'yan gida ne, wato siririyar fatar da ta lulluɓe huhu da bangon ƙirji ta ciki. Duk wannan wahala don magani ne: kansar mama ko ta je ƙirji, maganin kansar mama za a ba ta.

Ɗiba na farko kan kama wajen kashi 60 cikin 100 ne kawai na masu kansar, don haka in aka ce a sake, ba sakaci ba ne. Kuma a nan ƙasarmu tarin tibi na yawan tara wannan ruwa. Na gwaggo ma shi ne, asibitin masu tarin tibi na Saye aka tura ta, ta fara maganin wata 6.