Dokar 1662 da ta ce ɗa ya bi uwarsa cikin bauta

A watan Disamba na 1662, majalisar Turawan da ke mulkin Bajiniya, a ƙasar da yau ake kira Amurka, ta kafa wata gajeriyar doka: duk yaron da aka haifa, matsayin uwarsa zai ɗauka. In baiwa ce, shi ma bawa ne, ko da kuwa ubansa Bature ne mai gona da bayi.

A Ingila, inda mutanen nan suka fito, uba ɗa yake bi. To me ya sa suka juya abin? 'Yan shekaru kafin nan, wata mata mai suna Elizabeth Key ta kai ƙara kotu, ta ce ubanta Bature ne kuma an yi mata baftisma, saboda haka ba baiwa ba ce. Ta yi nasara a 1656. Masu gonakin taba suka ga in aka bar wannan ƙofa a buɗe, dukiyarsu za ta riƙa fita ta cikinta. Sai suka toshe. A 1667 suka ƙara da cewa baftisma ma ba ta 'yanta kowa.

Mai karatu Bahaushe zai fi gane nauyin abin in ya tuna da hukuncin kwarkwara a fiƙihu. Ɗan da ta haifa wa ubangijinta ɗa ne, yana gado, har sarauta wasu sun yi, ita kuma tana 'yantuwa in ya mutu. Ba wanke bautar da aka yi a ƙasarmu nake yi ba, ita ma akwai zalunci a cikinta. Amma a Bajiniya, mutum zai danne baiwarsa, ta haihu, ya rubuta ɗan cikinsa a lissafin dukiya tare da dawaki, ya sayar da shi ranar da bashi ya matsa masa. Sauran yankuna suka kwaikwayi dokar.

Da aka hana shigo da bayi daga Afirka a 1808, cikin mace ya zama hanyar ƙara yawansu. Daga kusan miliyan 1.2 a 1810, suka kai kusan miliyan 4 a 1860. Thomas Jefferson, shugaban ƙasa na uku, ya rubuta a wata wasiƙa ta 1820 cewa baiwar da ke haihuwa duk shekara biyu ta fi namiji mafi ƙwazo a gona riba.

Baiwar kuma ba ta da inda za ta kai kuka. A jihar Mizuri, wani Robert Newsom ya sayi yarinya mai suna Celia tana 'yar shekara 14, ya yi ta yi mata fyaɗe shekara biyar. A 1855 ta buge shi da sanda ya mutu. Lauyoyinta suka kafa hujja da dokar jihar da ta hana tilasta wa "kowace mace". Alƙali bai yarda kalmar ta haɗa da baiwa ba. Aka rataye ta a watan Disamba na shekarar.

Gyara na 13 da aka yi wa tsarin mulkin Amurka ya soke bauta a 1865, dokar 1662 ta bi ta. Halin kotuna ne bai mutu ba. A 1944, a garin Abbeville na jihar Alabama, fararen fata shida suka yi wa Recy Taylor fyaɗe tana dawowa daga coci. Rosa Parks, fitacciyar mai fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, da kanta ta je bincike. Sau biyu masu taya alƙali shari'a, dukkansu fararen fata, suka ƙi yarda a gurfanar da kowa, alhali ɗaya daga cikin mutanen ya ambaci sunayen sauran. Sai a 2011 majalisar jihar ta nemi gafararta, tana da shekara 91.